Hunturun Arewa ba irin na Turai ba ne: a tantance tayoyin gwanjo kafin bazara

Hunturu ya shigo ƙasar Arewa. Hazo ya lulluɓe duwatsun Dogondutsi, an gama ɗaure dammunan hatsi, masu lambu a Dallol Mawri sun duƙufa ga noman rani, zirga-zirga kuma ta ƙaru a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wato RN1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso, Kore Mairuwa da Dogondutsi, ta nufi Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram. A irin wannan lokaci ne mai mota ke tsayawa wurin mai taya, bayan damina ta gama cinye masa ƙafafun mota, kaka kuma ta bar masa ɗan abin hannu. Tayar da ya saya yanzu ita ce za ta ɗauki fasinjansa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba.

Da yawa daga cikin masu motocin haya da na gida ba su da ƙarfin sayen sabuwar taya. Gwanjo suke saye, wato tayoyin da aka yi aiki da su a Turai ko Asiya, aka ciro, aka loda a kwantena zuwa tashoshin ruwa irin su Kwatano da Lome, daga can su bazu zuwa kasuwannin ƙasashen da ba su da teku. A cikin wannan tari akwai wani nau'i da ya fi ɗaukar ido. Zanensa yana da zurfi, robarsa tana da laushi, fuskarsa cike take da ƙananan tsage-tsage kamar an yi mata zube. Mai saye yakan danna ta da yatsa ya ce wannan da sauranta. Sau da yawa abin da ya riƙa a hannu tayar ƙanƙara ce, wadda aka ƙera domin sanyin Jamus, Faransa ko Suwidin. Wannan taya ba ta dace da kwaltar Arewa ba a kowane wata na shekara, kuma lokaci ya yi da mai saye, mai sayarwa da hukuma za su san yadda ake gane ta.

Ruɗanin ya fara ne daga suna. Lokacin sanyin Turai da na ƙasar Hausa duk hunturu ake kiran su a labarai, alhali kuwa ba su haɗa hanya ba. A can ruwa kan daskare a kan titi, dusar ƙanƙara ta rufe hanya har tsawon makonni. Robar taya ta yau da kullum takan sandare a irin wannan sanyi, ta daina kama ƙasa. Shi ya sa kamfanoni ke haɗa wata roba ta daban wadda ke zama da laushi ko da sanyi ya kai matuƙa, suna kuma yi mata tsage-tsage masu yawa domin ta ciji ƙanƙara. Masu ƙera taya sun saba ba da ma'auni guda: amfanin wannan taya yana farawa ne idan yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7. A Dogondutsi da Tibiri, ko a tsakiyar Disamba da Janairu da mutane ke kwana kusa da wuta, sanyin asuba da wuya ya kusanci wannan adadi, kuma kafin azahar zafi ya koma kusan digiri 30 ko fiye.

Abin da ke faruwa da irin wannan roba a kan kwalta mai zafi ba ɓoyayye ba ne. Tana ƙara laushi fiye da kima, ƙananan tubalan zanenta suna ta motsi suna murɗewa, motsin kuma yana ƙara haifar da zafi a cikin tayar. Sakamakon farko shi ne saurin suɗewa, ta yadda zanen da ya burge mai saye kan ƙare tun kafin ya mayar da kuɗinsa. Na biyu shi ne tsawon birki: gwaje-gwajen ƙungiyoyin masu motoci a Turai sun sha nuna cewa a busasshiyar hanya lokacin zafi, mota mai tayar ƙanƙara tana buƙatar ƙarin mitoci kafin ta tsaya. Duk wanda ya san RN1 ya san abin da mita biyar ko goma ke nufi idan amalanken jaki, garken shanu ko yaro ya faɗo hanya a bakin ƙauye. Na uku shi ne tangaɗi a kwana. Idan kuma aka haɗa zafi da tsufan roba, da lodi fiye da kima, da ƙarancin iska, to an tara duk abin da ke sa taya fashewa ana cikin gudu.

Akwai dalilin da ya sa irin waɗannan tayoyi ke cika kwantenonin gwanjo da sauran zane a jikinsu. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta yarda a yi aiki da taya har zurfin zanenta ya sauka zuwa milimita 1.6. Amma ga tayar ƙanƙara, ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, tana ba da shawarar a canza ta idan ta kai milimita 4, a Ostiriya ma doka ba ta lissafa ta a matsayin tayar hunturu idan ta gaza haka. Ke nan Bature yana cire ta a daidai lokacin da idon mai saye a Afirka zai gan ta kamar sabuwa. Ƙari a kan haka, dokoki sun ƙara tsauri. A Jamus, daga 1 ga Oktoba 2024, tayar da ba ta ɗauke da sabuwar alamar hunturu ba ta cika sharaɗin hawa titi mai ƙanƙara. A Faransa, dokar yankunan tsaunuka da ta fara aiki a 2021 ta wajabta kayan hunturu daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, kuma daga Nuwamban 2024 ita ma ta koma ga waccan alama kaɗai. Duk tayar da doka ta kora daga titin can tana neman kasuwa a wani wuri. Haka nan motocin gwanjo da yawa suna isowa da tayoyin hunturun da suka baro gida da su, sabon mai motar kuma ya ci gaba da hawa ba tare da ya duba ba.

Gane ta ba ya buƙatar karatu mai zurfi, domin komai a rubuce yake a gefen taya. Babbar alama ita ce hoton dutse mai ƙololuwa uku da ɗigon ƙanƙara mai kama da tauraro a cikinsa. Sai sunan tayar: idan an ga kalmomi irin su Winter, Snow, Ice, Alpin, Nordic ko Studless, to ta ƙasar sanyi ce. Wasu kuma, musamman na arewacin Turai, suna da ƙananan ƙusoshi a fuska, ko ramukan da aka ciro ƙusoshin. Haruffan M+S su kaɗai ba su isa hujja ba, domin ana samun su a kan tayoyin motocin daji da yawa waɗanda suka dace da yashi da taɓo. Ita ma alamar dutse takan fito a kan wasu tayoyin da aka yi domin kowane yanayi. Saboda haka sai a haɗa alama da suna da yawan tsage-tsagen fuska kafin a yanke hukunci. Idan ukun suka haɗu, mai saye ya ajiye ta ya nemi wata.

Abu na biyu da ya kamata kowane direba ya iya karantawa shi ne shekarun taya. A gefenta akwai jerin haruffa da suka fara da DOT, a ƙarshensu kuma lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2318, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2018. Idan lambobin uku ne kacal, tayar ta girmi shekarar 2000, bai kamata ko a ɗaga ta daga ƙasa ba. Roba tana tsufa ko ba a hawa ta, zafi da rana kuma suna gaggauta tsufan. Manyan kamfanoni irin su Michelin suna cewa a riƙa binciken taya kowace shekara bayan ta cika shekara biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma komai kyan zanenta. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya, FRSC, ta fi tsanantawa, domin shekara huɗu take faɗa wa direbobi. Tayar ƙanƙara tana da wata matsala a nan: watanni kaɗan ake hawanta a shekara, sauran lokacin tana ajiye a ɗaki, don haka takan tsufa zanenta bai taɓu sosai ba. Wanda ya tsaya ga kallon zane kaɗai zai iya sayen tayar shekara tara yana murna.

Abu na uku shi ne girma da nauyin da taya ke iya ɗauka. A ɗauki misalin rubutun 195/65 R15 91H. Lamba 195 faɗin taya ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne idan an kwatanta da faɗin, 15 girman wili ne a inci. Lamba 91 tana nufin tayar ba ta ɗaukar fiye da kilo 615, harafin H kuma iyakar gudunta ne. Wannan tayar ƙaramar mota ce. Motar Hiace, wadda ita ce jakar fasinja tsakanin Dogondutsi, Dosso da Ƙonni, tana buƙatar taya mai harafin C bayan girman wili, kamar 195 R15C mai lamba 106, wadda ke ɗaukar kilo 950. Tayar ƙaramar mota za ta shiga wilin Hiace lafiya lau, amma kowace ƙafa ta rasa ƙarfin kilo 335. Ga motar da ake yi wa lodin mutum 18 ko 19, da buhunan dankali ko wake a kan rufi, wannan gibi ne da ake biya da rai. Girman da ya dace da kowace mota yana rubuce a jikin ƙofar direba, ko murfin tankin mai, ko littafin motar.

Wani abin lura shi ne cewa ba duk kayan hunturun Turai ne abin gudu ba. Masu motoci a can sukan ɗaura tayar ƙanƙara a kan wilin baƙin ƙarfe, su ajiye na alminiyam mai ƙyalli domin lokacin zafi. Wannan wilin ƙarfe ya fi dacewa da hanyoyin jar ƙasa da ke zuwa Matankari, Dogonkiriya, Sukukutan, Gecheme da Dumega. Idan ya faɗa rami lanƙwasa yake yi, maƙeri ya miƙe shi, na alminiyam kuwa tsagewa yake yi. Don haka wanda ya sayi mota da irin wannan haɗi, ya riƙe wilin ya canza tayar. Sharaɗi guda shi ne wilin ya zama na motar. Ramukan noti ba ɗaya suke ba: ƙananan Toyota da yawa masu noti huɗu suna da tazarar milimita 100, Peugeot masu noti huɗu da yawa suna da 108, Hiace da Hilux masu noti shida suna da 139.7. Al'adar goge ramukan wili da zarto ko yanka su da wuta domin a tilasta masa shiga wata mota ganganci ne, domin nauyin mota yana komawa kan notin da ba su zauna daidai ba, wata rana su karye taya ta yi gaba mota ta bi daji.

Shi ma ɗaurin yana da ƙa'ida, kuma a nan ne masu faci ke da babban matsayi. Tayoyi biyu da ke kan gatari ɗaya dole su zama iri ɗaya a girma, zane da shekaru. Sanya tayar ƙanƙara a dama da ta zafi a hagu yana sa mota ta ja gefe guda idan an taka birki. Idan taya biyu kawai aka iya saye, masu ƙera taya suna cewa a sa masu kyau a baya, domin direba yana iya riƙe sitiyari idan gaba ya zame, amma idan baya ya kwace mota juyawa take yi. Taya mai kibiya da kalmar Rotation a gefe tana da hanyar da take juyawa, idan aka juya ta baibai ba za ta kori ruwa ba a damina. A canza bawul duk lokacin da aka canza taya. A ɗaure noti ta tsallake, ɗaya nan ɗaya can, a kuma sake duba su bayan kilomita 50 zuwa 100, wato wanda ya ɗaura taya a Dogondutsi bai kamata ya kai Dosso ko Ƙonni bai sake sa sifana ba. Taya mai ƙari a gefe, ko wadda waya ta leƙo, ko wadda aka yi wa faci a gefe, ta gama aiki. Haka ma wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi, sai fa tayoyin manyan motoci da kamfani ya rubuta cewa ana iya yi musu hakan.

Sai maganar iska, inda hunturun Arewa ke da nasa tasirin na gaskiya. Tsakanin sanyin asuba da zafin azahar akan sami ratar digiri 15 ko fiye, iskar taya kuma tana hawa da sauka da kimanin bar 0.1 a kowane digiri 10. Saboda haka da safe ake auna iska, kafin mota ta yi tafiya. Wasu direbobi sukan tsaya a hanya da rana su rage iska da sunan kada taya ta fashe. Wannan kuskure ne, domin taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwasawa, ta fi ɗaukar zafi, ta fi kusa da fashewa. Ƙaruwar iska bayan tafiya abu ne da maƙera suka riga suka lissafa. Rage iska yana da wuri guda, shi ne cikin yashin Dallol inda mota ke kafewa, kuma duk wanda ya rage a can dole ya mayar kafin ya hau kwalta. Wannan ya sa famfon iska da geji mai kyau suka cancanci wuri a bayan kowace motar da ke shiga ƙauyuka.

Za a ce wannan duk maganar mai kuɗi ce, talaka abin da ya samu yake sawa. Akwai gaskiya a ciki. Tun bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya suna zagayowa ta hanya mai nisa da tsada, kuma direban da ke biyan mai mota kullum ba ya da sararin zaɓe. Shi ya sa wannan jarida ba ta ganin haramta gwanjo baki ɗaya a matsayin mafita a yau. Nijeriya ta daɗe da sa tsofaffin tayoyi cikin jerin kayan da ta hana shigowa da su, amma duk wanda ya shiga kasuwannin kayan mota a Sakkwato ko Kano ya san ba su ɓace ba. Arewa kuma tana da doguwar iyaka da Jihar Kebbi, abin da ke wannan gefe yana wancan. Abin da za a iya yi shi ne tantancewa. A cikin tarin gwanjo ɗaya akwai tayar zafi mai shekara uku, akwai ta ƙanƙara mai shekara tara, kuma farashinsu ba ya da nisa da juna. Bambancin yana ga sanin mai saye da amanar mai sayarwa. Wanda ya sayi tayar da za ta suɗe cikin watanni kaɗan ya saya sau biyu, araha kuwa ba ta ado.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Hukumar kwastan da hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, ANMC, su fitar da ƙa'ida bayyananna da za ta hana shigo da tayoyin ƙanƙara da waɗanda suka wuce wani adadin shekaru, domin a bakin iyaka ne kwantena guda ke tsayawa a gaban jami'i guda. Hukumar kiyaye haɗurran hanya, ANISER, ta sa karatun gefen taya cikin faɗakarwarta, da Hausa da Zabarmanci da Fillanci, ta gidajen rediyon al'umma da mutanen karkara suka fi saurare. Masu binciken lafiyar motoci su riƙa duba lambar DOT da lambar nauyi kamar yadda suke duba birki da fitila. Jandarmomi da 'yan sandan da ke shingayen RN1 suna tsayar da motoci kullum domin duba takardu. Duban ƙafafu huɗu ba zai ɗauke su minti guda ba, muddin aka yi shi domin kare rai, ba domin buɗe sabuwar ƙofar karɓar na goro ba.

A matakin gida, hukumomin gundumar Dogondutsi da ta Tibiri, wadda ta samu matsayin gunduma a 2011, za su iya tara masu faci da dillalan taya na ƙananan hukumominsu goma a yi musu horon yini guda. Abin da za a koya bai wuce alama uku ba: hoton dutse, lambobi huɗu na shekara, da lambar nauyi. Ƙungiyoyin direbobi kuma suna da ikon da hukuma ba ta da shi, domin su ke ba da layi a tasha. Idan shugabannin tasha suka ce motar da ke da taya mai ƙari ko wadda waya ta fito ba za ta yi lodi ba, magana ta ƙare a ranar. Shi ma fasinja yana da haƙƙin ya zagaya mota ya duba kafin ya biya kuɗi, ya kuma sauka idan bai gamsu ba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na Disamban 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a, da kusan mutum 19 cikin kowane 100,000. Gyaran hanya da sayen motocin ɗaukar marasa lafiya suna buƙatar kuɗi da shekaru. Duba gefen taya ba ya buƙatar ko dala. Daga Dogondutsi zuwa Yamai kusan kilomita 275 ne, kuma a duk tsawon wannan tafiya abin da ke haɗa mota da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu huɗu na roba ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Watannin sanyin nan su ne damar da masu motoci da hukumomin Arewa suke da ita su duba ƙafafun motocinsu, kafin zafin Maris ya fara gwada su a kan hanya da fasinja a ciki.